Dokar Masu Fukafukai a Wasan Labari na Kan Tebur: Ina Iyakar Rubutu?

Akwai wani wasa da aka ƙirƙiro a ƙasar Amurka a shekarar 1974, wanda ya cika shekara 50 a 2024, kuma a tsawon wannan lokaci masu shi sun sake rubuta littattafan dokokinsa sau da dama. Sunan wasan Dungeons & Dragons. Duk lokacin da aka fito da sabon bugu, akwai wani ɗan sashe da ba ya kuɓuta daga alƙalamin masu gyara, wato sashen da ke bayanin yadda halitta mai fukafukai za ta tashi, ta juya, ta tsaya, ko ta faɗo ƙasa. An taɓa yi masa jadawali mai tsawo, an taɓa mayar da shi lissafi, an kuma taɓa taƙaita shi ya koma 'yan jimloli, amma har yau masu wasan ba su daina gardama a kansa ba.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa malamin ilimin harsuna da wasan yara? Amsar ita ce, da farko, mafi yawan masu buga wannan wasa ba yara ba ne. Na biyu kuma, littafin dokar wasa yana cikin wurare kaɗan da mutum zai iya zama ya kalli yadda ake gwada kalma a aikace, domin kowace jimla da aka rubuta a ciki sai ta faɗa hannun mutanen da ke da muradin su karkatar da ita wajen da zai amfane su. Abin da nake so in nuna a wannan maƙala shi ne, tarihin dokar tashi a wannan wasa ya tabbatar da cewa yawan rubutu ba ya toshe ƙofar gardama, ƙarancinsa ma ba ya toshewa. Abin da ke rage ta shi ne fayyace ma'anar 'yan kalmomin da komai ya rataya a kansu, da kuma alƙalin da zai faɗi matsayinsa tun kafin rigima ta taso.

Yadda wasan yake

Mutane huɗu ko biyar ne ke zama kewaye da tebur. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagoran wasa, wanda ke bayar da labari, yana kuma yanke hukunci kamar alƙali. Sauran kowa yana riƙe da wani jarumi na ƙage wanda aka rubuta ƙarfinsa da saurinsa da makin ransa a takarda. Jagora zai ce, ga ku a bakin wani kogo, ga kyarkeci uku sun fito. Kowane ɗan wasa sai ya faɗi abin da jaruminsa zai yi. Idan abin da ya faɗa yana iya yiwuwa yana kuma iya ƙin yiwuwa, sai a jefa dayis, wato ƙwayar nan mai lambobi irin ta wasan lido, sai dai a nan wadda aka fi amfani da ita tana da fuska 20. Idan faɗa ya kaure, ana shimfiɗa taswira mai gidaje murabba'i, kowane gida yana wakiltar ƙafa 5, a ɗora 'yan mutum-mutumi a kai. Ana raba lokaci zuwa zagaye-zagaye, kuma a bugun zamani kowane zagaye daƙiƙa 6 ne a cikin labari.

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka tsara wasan, kamfanin TSR na garin Lake Geneva da ke jihar Wisconsin ya buga shi. Tushensa wasannin kwaikwayon yaƙi ne, irin wanda Georg von Reisswitz ya gabatar wa rundunar sojan Furushiya a 1824 domin horar da hafsoshi. Wannan asali yana da muhimmanci ga batunmu, domin taswirar yaƙi an yi ta ne saboda dakaru da dawaki masu tafiya a doron ƙasa. Tana da gaba da baya, tana da dama da hagu, amma ba ta da sama. Ranar da aka shigo da dodon nan mai fukafukai da aman wuta, wanda Turawa ke kira diragon, wanda kuma sunansa ke jikin sunan wasan, ranar ce tebur ya gaza.

Dubi ƙaramin misali. Jarumi yana tsaye da baka a hannu, gaggafa tana nesa da shi da ƙafa 30 ta gaba, tana kuma sama da ƙafa 40. Nawa ne tsakaninsu? Ɗalibin sakandare da ya san ƙa'idar Faisagoras zai ce ƙafa 50. To amma wa zai tsayar da labari a kowane zagaye domin a fitar da tushen murabba'i? Saboda haka wasu teburan sukan ɗauki lamba mafi girma kawai su ce 40, wasu su ƙara rabin ƙaramar a kan babbar su ce 55. Idan makamin jarumi iyakarsa ƙafa 45 ne, wannan bambanci shi ne zai raba tsakanin samun gaggafar da kuskure ta.

Zamanin jadawali

Tun a bugun 1974 an ware wa faɗan sararin sama sashe na musamman, kuma marubutan sun yi ishara da wani wasa da Mike Carr ya tsara a kan jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya, mai suna Fight in the Skies. Wato tun ran gini tun ran zane, an ɗauki dodo mai tashi tamkar jirgin yaƙi mai farfela, wanda dole ya ci gaba da tafiya, wanda kuma ba ya juyawa sai ya yi kwana.

A 1979, littafin jagoran wasa da Gygax ya rubuta ya kasa masu tashi gida biyar, daga A zuwa E, bisa yawan kwanar da kowannensu zai iya yi a zagaye guda. Na ajin A yana iya juyawa digiri 180, na B 120, na C 90, na D 60, na E kuma 30 kacal. Aljanun iska suna ajin farko, diragon kuwa, duk da ƙarfinsa, yana ajin ƙarshe. Hikimar a bayyane take: babban jiki ba ya juyawa da sauƙi, kuma wannan rauni shi ne ya bai wa ƙananan jarumai damar tsira, domin idan dodon ya wuce ya yi amansa, sai ya ɗauki lokaci kafin ya kewayo.

Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, ya fito da bugu na uku a 2000, ya yi masa kwaskwarima a 2003. A nan ne jadawali ya kai maƙura. An riƙe matakai biyar, amma aka ba su sunaye masu ma'anar cikakke, mai kyau, matsakaici, mai rauni, da mai nauyin jiki. Ga kowane mataki an rubuta ko zai iya tsayawa wuri ɗaya a sama, ko zai iya ja da baya, kwanar digiri nawa zai yi bayan tafiyar ƙafa nawa, da tsananin kusurwar da zai iya haurawa. Matakai uku na ƙasa dole su yi aƙalla rabin tafiyarsu a kowane zagaye. Wanda ya kasa, kuma yana can sama, zai rikito ƙafa 150 a zagayen farko, sannan a jefa dayis a ga ko zai farfaɗo, in bai farfaɗo ba ya sake rikitowa ƙafa 300. Saukowa ana yin ta da ninkin sauri, haurawa kuwa da rabin sauri ga kowa in ban da na matakin farko.

A takarda wannan tsari abin sha'awa ne, domin ya yi kama da yadda tsuntsu yake a zahiri. A tebur kuwa ya zama kaya mai nauyi. Faɗan da bai wuce daƙiƙa 30 ba a cikin labari yana iya cinye sa'a guda ana buɗe littafi ana auna kwana. Kamfanin Paizo, da ya fito da wasan Pathfinder a 2009 bisa tubalin bugun 2003, ya nemi mafita ta hanyar mayar da tashi wata fasaha da ake jefa mata dayis. Matakan nan biyar suka koma maki da ake ƙarawa ko ragewa, daga ƙarin 8 ga cikakke zuwa ragin 8 ga mai nauyin jiki. Mai son tsayawa wuri ɗaya a sama sai jimillar makinsa ta kai 15, mai son juyawa baya gaba ɗaya sai ta kai 20. An rage awo, an ƙara jifa.

Zamanin taƙaitawa da kalma ɗaya mai rikici

A bugu na biyar da ya fito a 2014, babu jadawalin baki ɗaya. Halitta tana da lamba ɗaya ta saurin tashi, tana iya zuwa duk inda take so gwargwadon wannan lamba, babu awon kwana, babu mafi ƙarancin tafiya. Abin da ya rage shi ne sharaɗin faɗowa: idan aka kayar da mai tashi, ko saurinsa ya koma sifili, ko aka hana shi motsi, zai faɗo, sai fa idan sihirin cikin labari ne ke riƙe da shi, ko kuma an rubuta wata kalma guda a gaban saurinsa. Kalmar ita ce "hover" ta Ingilishi.

A nan ne aikina ya shigo. A bakin mai jin Ingilishi, wannan kalma tana nufin tsayawa wuri ɗaya a cikin iska, kamar yadda jirgi mai saukar ungulu ke yi, ko ɗan ƙaramin tsuntsun nan mai shan ruwan fure na nahiyar Amurka, ko kuma tsuntsun nan mai kamun kifi, mai launin fari da baƙi, da ake gani a bakin kogunanmu yana kaɗa fukafukai a wuri ɗaya kafin ya faɗa ruwa. Duk wanda ya ga an rubuta wa fatalwa wannan kalma ba a rubuta wa gaggafa ba, hankalinsa zai ba shi cewa gaggafa ba ta iya tsayawa wuri ɗaya. Amma dokar 2014 ba ta faɗi haka ba. Tunda ba ta wajabta wa kowa ci gaba da tafiya ba, gaggafa da diragon duk suna iya tsayawa cik a sama muddin suna so. Aikin kalmar a cikin wannan littafi guda ne: mai ita ba ya faɗowa idan an kayar da shi ko an tsayar da shi. Wato an ari kalmar kasuwa an ɗora mata ma'anar ofis, ba tare da an sanar da mai karatu da babbar murya ba. Wanda ya taso da bugun 2003 kuwa ruɗaninsa biyu ne, domin a can kalmar tana ɗauke da ma'anarta ta yau da kullum.

Da za a ba ni aikin mayar da wannan sashe Hausa, kalmar farko da za ta zo mini ita ce "shawagi", kuma ita ce kalmar da ya kamata in guje wa. Idan Bahaushe ya ce shirwa tana shawagi, ko jirgi yana shawagi a kan gari, abin da yake gani shi ne kewayawa a hankali, ba tsayuwa ba. Muna da "tashi", muna da "lulawa" ga wanda ya yi nisa cikin sama, muna da "sura" ga shirwar da ta kawo farmaki ta ɗauke ɗan tsako, muna da "rikitowa" ga wanda ya faɗo ba shiri. Kowane harshe yana yanka motsi gunduwa-gunduwa ta hanyarsa, kamar yadda masanin harshe Leonard Talmy ya nuna a nazarinsa na 1985 kan yadda harsuna ke bayyana tafiya. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Mai fassarar da ya bi ƙamus zai ɓatar da masu wasa, wanda ya bi aikin kalmar a cikin dokar kuwa zai rubuta wani abu kamar "ba ya faɗowa", ya huta. Kuma abin lura shi ne, da marubutan asali sun yi haka a Ingilishinsu, da sun rage wa kansu tambayoyi masu yawa. Bugun da aka sabunta a 2024 ya ƙara fayyace sharuɗɗan faɗowa, ya kuma tara ma'anonin irin waɗannan kalmomi a sashe guda na ƙarshen littafi, amma ya bar kalmar a inda take.

Faɗowa ma shari'a ce

Idan an yarda cewa halitta ta faɗo, sai wata tambaya ta biyo baya: da wane sauri, kuma me zai same ta? Dokar 2014 ta ce a jefa dayis ɗaya mai fuska 6 ga kowace ƙafa 10 da aka faɗo, amma kada ya wuce dayis 20. Ma'ana, faɗowa daga ƙafa 200 da faɗowa daga ƙafa 2,000 duk ɗaya ne. Matsakaicin abin da dayis 20 ke bayarwa maki 70 ne, mafi yawa 120. Jarumin da ya kai babban mataki yana iya mallakar makin rai fiye da 100, saboda haka yana iya faɗowa daga cikin gajimare ya tashi ya karkaɗe rigarsa. Masu kare wannan iyaka sukan ce ai a zahiri ma jikin mutum yana kaiwa wani sauri da iska ba ta barinsa ya wuce, wajen kilomita 200 a sa'a. Gaskiya ne, sai dai ba a kai wannan sauri a cikin ƙafa 200, sai an faɗo ninkin hakan sau da yawa.

Littafin 2014 bai faɗi tsawon lokacin da faɗowa ke ɗauka ba, kuma wannan giɓi ne babba, domin idan abokinka ya rikito daga bayan diragon, kana buƙatar sanin ko kana da zarafin ceto shi. Sai a 2017, a wani littafin ƙari mai suna Xanathar's Guide to Everything, aka ba da zaɓin cewa mai faɗowa yana sauka ƙafa 500 a kowane zagaye. Wannan lamba ba ta yi nisa da kimiyya ba, domin abin da aka saki daga sama, in ba a lissafa tirjiyar iska ba, yana sauka kimanin ƙafa 580 a daƙiƙa 6. Haka kuma dokar ba ta ajiye wa mai tashi iyakar bisa ba. Jagoran da ke son hujja daga duniyar gaske zai iya tuna cewa a 1973 wani nau'in ungulu ya yi karo da jirgi a sararin samaniyar Abijan a tsayin ƙafa 37,000. Amma wannan ba zai gaya masa ko mutum mai fukafukai ɗauke da baka da kwari zai iya kai can ba.

Inda adalci ya shigo

Duk wannan da sauƙi muddin dodanni ne kawai ke tashi, tunda jagora ne ke juya su. Rigima ta gaske ta taso ne da aka bai wa ɗan wasa fukafukai. A 2015 kamfanin ya ba da damar a riƙe jarumi daga wata al'umma ta mutane-tsuntsaye mai suna Aarakocra, wadda ta fara bayyana a wasan tun 1981. An ba su saurin tashi na ƙafa 50 tun daga matakin farko, da sharaɗin kada su sa sulke mai nauyi ko matsakaici. Sauran jarumai kuwa ba sa samun sihirin tashi sai sun kai mataki na 5, kuma ko a lokacin na minti 10 ne.

Ka ƙaddara kyarketan nan uku na bakin kogo. Jarumin mai fukafukai zai haura ƙafa 100, ya tsaya cik tunda doka ba ta hana ba, ya yi ta harbi da dogon baka wanda ke kaiwa ƙafa 150 ba tare da wahala ba. Kyarkeci ba shi da abin jifa. Shi yana sama lafiya lau, abokansa huɗu suna ƙasa ana yayyaga su. Ramin da jagora ya kwana yana tsarawa, da katangar da ya gina, da kogin da ya shimfiɗa domin a sha wuya wajen ƙetarewa, duk sun tashi a banza ga mutum ɗaya. Idan kuma jagora ya cika kowane faɗa da maharba domin ya daƙile shi, sai ɗan wasan ya ce ana yi masa bi-ta-da-ƙulli. Wasannin da kamfanin ke shiryawa a hukumance sun taƙaita amfani da wannan al'umma na wani lokaci, kuma a 2022 aka sake rubuta ta, aka rage saurin tashinta ya yi daidai da saurin tafiyarta a ƙasa, wato ƙafa 30. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ita ce share dokar mafi ƙarancin tafiya da aka yi domin sauƙaƙawa. Jadawalin 2003 da aka yi ta kuka da nauyinsa, shi ne zai hana wannan maharbi tsayawa wuri ɗaya.

Ba a tebur kaɗai ba

Kada a ɗauka wannan matsala ta masu wasa ce kurum. A 1931 Kotun Ƙolin Amurka ta saurari ƙarar wani mutum mai suna McBoyle, wanda aka ɗaure bisa laifin kai jirgin saman sata daga jihar Illinois zuwa Oklahoma. Dokar da aka kama shi da ita, ta 1919, ta lissafa mota da babbar mota da babur, sannan ta haɗa da duk wani abin hawa mai tuƙa kansa wanda ba a kan dogo yake tafiya ba. Jirgin sama abin hawa ne, yana tuƙa kansa, ba ya bin dogo. Duk da haka kotun, ta bakin Mai Shari'a Oliver Wendell Holmes, ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa a maganar yau da kullum kalmar tana kawo hoton abin da ke tafiya a ƙasa, kuma adalci ne a gargaɗi mutane da harshen da suke fahimta kafin a hukunta su. Sai daga baya majalisa ta gyara dokar ta ambaci jiragen sama.

Masanin falsafar shari'a H. L. A. Hart ya yi amfani da misali makamancin wannan a 1958, na dokar da ta hana shiga da abin hawa cikin lambun shaƙatawa, ya tambaya ko keke yana ciki, ko jirgin sama. A littafinsa na 1961 ya bayyana cewa kowace kalmar doka tana da tsakiya inda babu shakka, tana kuma da gefe inda dole wani ya yanke hukunci. Masu nazarin ma'ana sun ga haka ta wata fuska. Binciken Eleanor Rosch na shekarun 1970 ya nuna cewa mutane ba sa ɗaukar duk tsuntsaye daidai, akwai waɗanda suke gani a matsayin tsuntsu na sosai, akwai na gefe irin jimina wadda ba ta tashi. Jemage kuwa yana tashi amma ba tsuntsu ba ne. Mai rubuta doka yana da hoton tsakiya a zuciyarsa, gardama kuma kullum daga gefe take ɓullowa. Gygax ya hango jirgin yaƙi, marubutan 2014 sun hango dodo a hannun jagora, babu wanda ya hango maharbi a matakin farko yana tsaye a sama da kyarketai.

Matsayina

Ina ganin masu bugun 2014 sun yi daidai da suka taƙaita, kuma tarihi yana bayansu. Wasan yaƙin Furushiya ma ya bi wannan hanya: dokokinsa sun yi yawa har hafsoshi suka gaji da shi, sai a 1876 Julius von Verdy du Vernois ya ba da shawarar a sassauta su a dogara ga gogaggen alƙali. Jeremy Crawford, wanda ya daɗe yana amsa tambayoyin doka a madadin kamfanin, ya kasa karatun doka gida uku, wato yadda aka rubuta ta, da abin da aka nufa da ita, da abin da zai sa wasa ya yi daɗi. Wannan amincewa ce a fili cewa rubutu shi kaɗai ba ya ɗaukar nauyin.

Amma akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma bai kamata a raina ta ba. Doka mai tsawo tana kare mai rauni daga son zuciyar alƙali. Idan komai yana hannun jagora, ɗan wasan da ya fi baki ko ya fi kusa da shi zai riƙa samun hukunci mai daɗi, mai kunya kuma ya riƙa cutuwa. Jadawali, duk nauyinsa, ba ya sanin fuskar kowa.

Saboda haka taƙaitawa tana da sharuɗɗa biyu. Na farko, kalmomin da hukunci ya rataya a kansu a fayyace su da harshen da ba zai yaudari mai karatu ba. Idan ana nufin ba ya faɗowa, a rubuta ba ya faɗowa. Na biyu, abin da aka bar wa alƙali ya faɗe shi tun kafin a fara. Masu wasan suna da al'adar yin zama na musamman kafin a buɗe labari, inda ake daidaita irin waɗannan batutuwa, kuma tambayoyin da suka shafi tashi ba su da yawa: ta yaya za mu auna nisa tsakanin sama da ƙasa, shin mai fukafukai zai iya tsayawa wuri ɗaya, nauyin me zai iya ɗauka ya tashi da shi, ƙafa nawa ake faɗowa a zagaye, kuma an yarda ɗan wasa ya fara da fukafukai ko ba a yarda ba. Hukuncin da aka yanke a wannan zama kowa zai karɓe shi, domin ba a san wanda zai ci ba, ba a san wanda zai faɗi ba. Wanda aka yanke lokacin da jarumin wani yake rikitowa daga ƙafa 300 kuwa, ko da shi ne daidai, sai an zarge shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi suna zama a kwamitocin da ke rubuta ƙa'idojin aiki, da tsarin mulkin ƙungiyoyi, da sharuɗɗan jarrabawa ko na kwangila. Za su gane jarabar nan guda biyu, ta cika takarda da sakin layi har ba mai iya karantawa, da ta barin komai ga hikimar shugaba. Masu wannan wasa sun gwada duka biyun a cikin shekara 50, a kan batu ɗaya ƙarami da ake iya gani daga farko zuwa ƙarshe, kuma sakamakon gwajin yana nan a rubuce bugu bayan bugu ga duk mai son dubawa. Tambayar da ta dace mai rubuta kowace ƙa'ida ya yi wa kansa kafin ya sa hannu ita ce: wane hoto ne a zuciyata da nake rubuta wannan kalma, kuma wane ne zai zo gobe wanda bai yi kama da hoton ba?